Tankin wankin fim na Paterson Super System 4, daga baƙar jaka zuwa ɗakin duhu

Duk wanda ya ƙuduri aniyar wanke fim da hannunsa, maimakon ya miƙa wa masu wankin hoto ya koma ya jira, abu na farko da zai nema shi ne tanki, domin shi ne yake ba mutum damar gudanar da sauran aikin a cikin haske yana ganin agogo da ma'aunin zafi. Na shafe kusan shekara 3 ina aiki da tankin Paterson Super System 4, samfurin da ake kira Universal, wanda kamfanin Paterson na Ingila yake ƙerawa, kuma galibin abin da na wanke a cikinsa fim ne na baƙi da fari mai faɗin milimita 35, sai kuma fim mai lamba 120, wanda ya fi shi faɗi, jefi-jefi. Hukuncin da na yanke a kansa shi ne, tanki ne nagari mai yafe wa sabon shiga kurakurai da dama, amma akwai kuskure guda da ba ya yafewa ko kaɗan, wato a kusance shi da danshi a lokacin loda fim.

Dalilin buƙatar tankin yana cikin halin fim ɗin kansa. Galibin fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a yau yana jin kowane launi na haske, har da ja, saboda haka jar fitilar nan da aka san ɗakin duhu da ita ba ta fim ba ce, ta takardar hoto ce. Dole ne a fitar da fim daga gwangwaninsa a naɗa shi a cikin duhun da ba a ganin tafin hannu, ko dai a ɗakin da aka toshe kowace kafa, ko kuma a cikin baƙar jakar nan mai hannuwa biyu da zik biyu. Da zarar fim ya shiga tanki an kulle, sai a kunna fitila, kasancewar an tsara bakin tankin ta yadda ruwa zai shiga ya fita amma haske ba zai sami hanya ba.

Kayan da ke cikin kwalin ba su da yawa. Akwai jikin tankin, wanda baƙar roba ce mai kauri, da bututu na tsakiya wanda ake zura kwarkwaron naɗa fim a jikinsa, da babban mazurari mai zama a matsayin murfi na ciki, da murfin roba mai laushi na sama wanda ke tare ruwa, da kuma ɗan sanda na juya kwarkwaro. Mazurarin yana kulluwa da ɗan juyi kaɗan har a ji ƙararsa, kuma wannan ƙarar tana da amfani ƙwarai ga mutumin da hannuwansa ke cikin jaka, tunda kunne da yatsu kaɗai yake da su a wannan lokaci. Bututun tsakiyar ba mazaunin kwarkwaro kawai ba ne, shi ne rabin tarkon da ke hana haske shiga, kuma wanda ya manta da shi a kan tebur ya kulle tanki ya kunna fitila, to ya yi sallama da hotunansa. Tankin yana ɗaukar fim biyu na milimita 35, ko fim ɗaya na 120, kuma an rubuta adadin ruwan da kowanne ke buƙata a gindinsa: mililita 290 ga kowane fim na milimita 35, mililita 500 ga fim na 120. Wannan rubutu na gindin tanki ƙaramin abu ne, amma ya sha cetona daga lalube a takarda da jiƙaƙƙen hannu.

Kwarkwaron shi ne zuciyar al'amarin, kuma a kansa ne masu wannan sha'awa suka fi sa-in-sa. Ƙafafu biyu ne na farar roba, kowace da rami mai zagayawa kamar katantanwa, kuma a bakin shiga akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Ana tura kan fim ya wuce ƙwallayen, sannan a riƙa murza ƙafafun biyu gaba da baya, ƙwallayen su kama gefen fim su tura shi ciki, su hana shi dawowa. Fim mai hoto 36 ya kai tsawon kusan mita 1.6, kuma dukkansa yake shigewa cikin wannan ɗan kwarkwaro ba tare da wani zagaye ya taɓa ɗan'uwansa ba, wanda shi ne sharaɗin wanki mai kyau, domin duk inda fim ya manne da fim sinadari ba zai isa wurin ba, sai a tarar da tabo mai launin madara. Idan kwarkwaron a bushe yake, hannu ma a bushe, kuma an yanke harshen fim a miƙe tsakanin ramukan gefe an ɗan rage kusurwoyinsa da almakashi, lodin ba ya ɗaukar minti 2. Ana iya ware ƙafafun biyu a sake haɗa su a faɗi uku daban-daban, na milimita 35, da na 127, da na 120, saboda haka kwarkwaro ɗaya ya ishi mai kyamarori iri-iri.

Sai dai fuskar fim jelatin ce, wato wani siririn shafi mai riƙe da sinadarin da ke kama hoto, kuma jelatin da ya ji danshi yakan kumbura ya yi danƙo. A tsarin wannan kwarkwaro kuwa fim ɗin gaba ɗayansa ne yake silalewa a cikin rami tun daga baki har tsakiya, don haka ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a wani lungu ya isa ya tsayar da tafiyar. Na koyi wannan ne ta hanyar gaggawata. Wata rana na gama wanke fim na farko, na goge kwarkwaron da tawul na ɗauka ya bushe, na cusa shi cikin jaka da fim na biyu. Wajen rabin tafiya sai fim ya cije. Maimakon in dakata, sai na ci gaba da murzawa da ƙarfi, hannuwana suka fara gumi, iskar cikin jakar ta yi laima, abin ya ƙara cakuɗewa. Da na wanke, sai ga alamomi masu siffar jinjirin wata a kan hotuna huɗu, wato inda fim ya lanƙwashe, kuma irin wannan alama ba ta gyaruwa a wurin buga hoto. Laifina ne ɗungurungum, domin duk wanda ya daɗe a harkar yana gargaɗi a kan haka. Abin da ya kamata in yi shi ne in ware kwarkwaron a hankali, in naɗe fim ɗin in saka shi cikin tanki tare da bututunsa in kulle, in fito da hannuwana su sha iska, sannan in koma bayan komai ya bushe. Tun daga ranar nake ajiye kwarkwaro huɗu, biyu suna aiki biyu suna shanya, kuma ba na ɗaukar wanda bai kwana a bushe ba.

Akwai wani abu mai alaƙa da wannan wanda sababbi ba su cika sani ba. Sinadarin da ake tsoma fim a ciki a ƙarshe don kada ruwa ya bar tabo, irin su Photo-Flo na Kodak ko Ilfotol na Ilford, waɗanda ake haɗa kashi 1 da kashi 200 na ruwa, yakan bar wani ɗan danƙo a ramin kwarkwaro idan ya taru a hankali. Gara a cire fim daga kwarkwaro a tsoma shi a wani kwano daban, ko kuma a riƙa wanke kwarkwaron da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ana tabbatar da cewa ƙwallayen biyu suna motsi a sake.

Fim na 120 ya fi wuyar lodi a wannan kwarkwaro, kuma a nan ne nake ganin tsarin yana da rauni. Fim ɗin ya fi faɗi, ya fi laushi, ba shi da ramukan gefe, kuma yana fitowa daga takardar bayansa a nannaɗe, alhali leɓunan shiga na kwarkwaron ƙanana ne, sai yatsu sun yi ta lalube kafin gefe biyu su shiga tare. Akwai kwarkwaron wasu kamfanoni, irin na AP, mai faffaɗan leɓe wanda ke tallafe fim a bakin shiga, kuma mutane da dama sun fi son sa saboda 120. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce in sadaukar da fim guda da ya lalace in yi ta gwaji da shi a cikin haske, sannan ido a rufe, har sai hannu ya haddace.

A wajen zuba ruwa kuwa ba ni da abin da zan ce sai yabo. Faɗin mazurarin yana sa mililita 600 su shige cikin 'yan daƙiƙoƙi, haka kuma su fita, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka yi la'akari da abin da ke gudana a ciki. Hasken da ya faɗa kan fim a kyamara ya bar ɓoyayyen hoto ne a cikin ƙwayoyin gishirin azurfa, kuma aikin ruwan fito da hoto shi ne ya mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa tsantsa. Aikin yana farawa ne daga daƙiƙar da ruwa ya taɓa fim, saboda haka idan tanki yana jinkirin cika, ƙasan fim zai riga samansa dahuwa. Da fim ɗin HP5 Plus na Ilford a ruwan fito da hoto na ID-11 wanda ba a sirka ba, lokacin da kamfanin ya bayar shi ne minti 7 da rabi a digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, idan kuma an sirka rabi da rabi da ruwa sai ya koma minti 13. Ni na fi son na minti 13, domin tsawon lokaci yana rage tasirin 'yan daƙiƙoƙin zubawa da juyewa, kuma ana zubar da ruwan bayan amfani ɗaya, ke nan kowane fim yana samun sabon ruwa mai ƙarfi iri ɗaya. Haka nake yi da D-76 na Kodak, wanda tun 1927 yake kasuwa kuma kusan tagwaye ne da ID-11. Idan fim ɗaya kawai zan wanke, nakan sa kwarkwaron da ke ɗauke da fim a ƙasa, in ɗora wanda babu komai a samansa, don kada na ƙasan ya zame sama ya fita daga ruwa a lokacin kifawa.

Girgiza tanki iri biyu ce. Ana iya juya kwarkwaro da ɗan sandan nan, ana kuma iya rufe murfin roba a riƙa kifa tankin ana dawo da shi. Ni ina amfani da sandan ne a daƙiƙoƙin farko kawai, kafin in rufe murfi, daga nan sai kifawa: sau 4 a cikin daƙiƙa 10 na farkon kowane minti, kamar yadda Ilford ke bayar da shawara, sannan in buga gindin tankin a kan tebur sau biyu domin kumfar da ta maƙale a jikin fim ta taso. Juyi da sanda kaɗai yana motsa ruwa a zagaye ne, ba ya haɗa na sama da na ƙasa yadda ya kamata, kuma gefen kwarkwaro ya fi tsakiyarsa saurin gudu. Murfin robar yana son a danna shi a zagaye duka, sannan a danna tsakiyarsa a ɗaga gefe kaɗan iska ta fita, ta yadda zai tsotse ya zauna daram. Duk lokacin da na ga ɗigo a hannuna, idan na duba sai in tarar ni ne ban zaunar da shi daidai ba. Duk da haka safar hannu ta roba wajibi ce, tunda sinadarin metol da ke cikin D-76 da ID-11 yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayin fata idan ya yawaita taɓa su.

Game da zafi, roba ba ta saurin ɗaukar zafi ko sakinsa, kuma wannan riba ce ga mai wankin baƙi da fari, domin ruwan da aka zuba a digiri 20 ba ya saurin canzawa saboda ɗumin hannu. Ga fim mai launi kuwa, wanda tsarin C-41 ke buƙatar digiri 38 da minti 3 da daƙiƙa 15 cif, wannan hali yana zama ɗan cikas, kasancewar tankin da aka tsoma a ruwan ɗumi yana jinkirin ɗumama, sai an ba shi lokaci tukuna. Ana iya yi, amma tankin ƙarfe ya fi biyayya a wannan fage.

Sauran matakan ba su da rikici a cikinsa. Ruwan tsayarwa, wato mai dakatar da aikin ruwan fito da hoto, kamar Ilfostop da ake haɗa kashi 1 da kashi 19 na ruwa, daƙiƙa 10 ya ishe shi. Sai ruwan tabbatar da hoto, wanda ke narkar da gishirin azurfar da haske bai taɓa ba, aikin da masanin kimiyya John Herschel ya gano tun 1819 cewa wani sinadari mai suna haifo yana yi. Rapid Fixer na Ilford a haɗin kashi 1 da 4 yana ɗaukar minti 2 zuwa 5, kuma harshen fim ɗin da aka yanke tun farko yana da amfani a nan: a jefa shi cikin ruwan a duba tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya washe, sai a ninka wannan lokaci. Wannan ruwa idan ya gaji yana ɗauke da azurfa, don haka ana tara shi a jarka ne a kai inda ake karɓar irinsa, ba a zuba shi a magudana. Wurin ɗauraya, tankin ya dace da hanyar Ilford mai tsimin ruwa, wato a cika a kifa sau 5 a zubar, a sake cikawa a kifa sau 10, sannan sau 20.

Amma fa ba a gane nagartar tanki da kallon negatif, wato fim ɗin da aka wanke, a jikin taga. Negatif yakan yi kyau a ido alhali yana ɓoye da aibi, sai an sa shi a na'urar faɗaɗa hoto a ɗakin duhu asirinsa yake tonuwa. Hoto ɗaya na fim ɗin milimita 35 faɗinsa milimita 24 ne da 36, kuma kafin ya cika takarda mai inci 8 da 10 sai an faɗaɗa shi fiye da sau 8, tare da kowane tabo da ke jikinsa. Gwajin da nake yi shi ne in zaɓi hoto mai faffaɗan sararin sama ko farin bango, wurin da ya kamata launin toka ya tafi sumul, in buga shi a takardar Multigrade ta Ilford da matatar haske mai lamba 4 ko 5. Matatun suna tafiya ne daga 00 zuwa 5, kuma manyan lambobi suna tsananta bambanci tsakanin fari da baƙi, don haka duk wani rashin daidaito na wanki yana fitowa ɓaro-ɓaro. Idan girgiza ta yi yawa ko ta yi tsauri, ana ganin zane-zane suna gangarowa daga ramukan gefen fim. Idan ta yi kaɗan, sai a ga kamar an ja jiƙaƙƙen tsumma a sararin sama. Kumfar da ba a kaɗe ba tana barin ɗigo fari-fari a negatif, wanda ke komawa baƙi a takarda, idan kuwa ruwa bai rufe fim ba, gefe guda na kowane hoto zai fito da duhu. A cikin minti ɗayan da takarda mai rufin roba take yi a tiren fito da hoto, ƙarƙashin jar fitila, mutum yana tsaye da hantsaki a hannu yana kallon sararin nan yana bayyana, a nan ne yake sanin ko hannunsa da tankinsa sun yi aikinsu. Tun da na tsaya a kan kifawa sau 4 a minti da isasshen ruwa, sararin samaniyar hotunana yana fitowa sumul daga gefe zuwa gefe, har a matata mai lamba 5. Ribar wannan a aikace ita ce, tsirin gwajin da na yanka na auna daƙiƙoƙin haske da shi a hoto na 3 yakan yi kusa da abin da hoto na 30 ke buƙata idan hasken ɗaukarsu iri ɗaya ne, kuma ƙara haske a wani sashe ko kare wani sashe da hannu ya zama don kyautata hoto nake yinsa, ba don ɓoye aibin wanki ba.

Inda na ga zane-zane shi ne lokacin da na gwada barin fim tsawon sa'a guda ba girgiza a ruwan fito da hoto na Rodinal mai haɗin kashi 1 da 100. Rodinal tsohon sinadari ne tun 1891, kuma wannan hanya tana da masoya, amma sinadarin bromaid da ke fita daga fim yana gangarowa ƙasa idan ruwa ya tsaya cik, kuma haka zai faru a kowane irin tanki.

Masu tankin ƙarfe da kwarkwaron waya, irin na Hewes, suna da hujjojinsu. Kwarkwaron ƙarfe ana loda shi ne daga tsakiya zuwa waje, fim ba ya silalewa a rami, saboda haka ɗan danshi ba ya tsayar da shi, kuma yana bushewa nan da nan, ga shi yana buƙatar ruwa ƙasa da na roba. Amma koyon lodinsa ya fi wuya, idan ya faɗi ya lanƙwashe ya tashi aiki, kuma ƙaramin bakin murfinsa yana jinkirta zubawa. Tankunan Jobo na Jamus kuma an tsara su ne har da juyawa a kwance a kan inji, abin da ke rage sinadari sosai, sai dai wannan hanya ce ta wanda ya riga ya yi nisa. Ga mai farawa, da ma wanda ke wanke fim ɗaya ko biyu a mako don ya sami abin bugawa a ɗakin duhu, Paterson Universal ya wadatar, kuma ko da buƙata ta ƙaru, kwarkwaron nan dai shi ne yake shiga manyan tankunan kamfanin masu ɗaukar fim 3, da 5, da 8. Shawarata ga mai saye ita ce ya duba ko kwarkwaro ɗaya ne a kwalin ko biyu, domin ana sayar da shi ta hanyoyin biyu, ya ƙara aƙalla guda biyu a kai, ya nemi baƙar jaka babba wadda hannu ba zai yi saurin gumi a cikinta ba, sannan ya lalata fim guda da gangan a kan tebur, fitila a kunne, kafin ya amince wa duhu da hotunan da yake ƙauna.